Shafukan Gwaggo

Gwaggo, ƙanwar Babana, tana da shagon labule da zanen gado a saman bene, tsakanin shagon wata mata da kowa ke kira Mai Kafet da rumfar mai gyaran waya. Can na fara aiki da na gama jami'a. Zane na karanta, kuma ba na jin kunyar cewa na iya. Idan na shiga ɗaki na dubi taga, na san yadin da zai zauna mata kafin in zaro tef. Baba ne ya ce in je in taimaka wa ƙanwarsa kafin aiki ya samu.

"Gida ne," in ji shi. "Ba za ki wulaƙanta a hannun Gwaggonki ba."

Gwaggo ba ta taɓa kirana da sunana ba. Digiri take ce min. "Digiri, ɗauko bandir ɗin can." "Digiri, a jami'ar ba a koya muku shara ba?" Tela, dattijon da ke ɗinka mana labule a ƙuryar shagon, sai ya ƙara taka kekensa don kada a ce ya ji.

Wata rana ta jefo min wayarta a cinya.

"Kowa sai ya ce ya ga kayan Mai Kafet a waya. Mu fa? Ko digirin na ado ne?"

Na buɗe wa shagon shafi a Fesbuk da Insta da Tiktok. Da ta gaji da sa hoto ɗaya a wuri-wuri, sai na saka mata wata manhaja mai haɗa shafuka, wadda in ka sa abu a ɗaya take kai shi sauran. Da muka zo wurin zaɓen shafukan da za a haɗa, da wurin sa lambar sirri, sai ta fizge wayar ta juya min baya.

"Ba na son ido."

Ta danna duk wani akwati da ta gani, ta miƙo min. Ni kuma, saboda hotunan Gwaggo kullum a karkace suke kuma rubutunta sai an bi shi da gyara, na sa wa manhajar layin jira. Duk abin da ta sa a wani shafi, kwafinsa zai zo ya tsaya a wayata, in duba, in gyara, sannan in sake shi zuwa sauran.

A lokacin akwai wani shafi da duk masu shaguna ke tsoro, sunansa Kunnen Gari. Babu fuska, sai hoton kunne da ɗan kunne. Yau ya ce wance tana sayar da jabun turare, gobe ya ce mai gyaran waya yana buɗe hotunan matan mutane. Kowane rubutu da abu ɗaya yake ƙarewa: "Ni ce taku, Kunnen Gari."

Wata safiya ina jera zobban labule wayata ta yi ƙara. A layin jira na ga rubutu cewa kafet ɗin maƙwabciyarmu tsofaffi ne, wanke su take yi ta naɗe a leda. A ƙasa, "Ni ce taku, Kunnen Gari." Na ɗago kai. Gwaggo na zaune a bayan teburinta, tabarau a kan hanci, tana murmushi ita kaɗai, yatsanta ɗaya a kan waya. Ashe ranar da ta juya min baya, har da ɓoyayyen shafinta ta haɗa da na shago.

Na goge kwafin. Daga nan ya zama aikina na kullum, kamar sharar safe. Ta zagi mutum a can, kwafi ya zo wurina, in goge kafin ya hau shafin da ke ɗauke da sunanta. Ina rufa mata asiri tana kirana Digiri.

Sai masu saye suka fara tambayata. Mace ta shigo ta wuce Gwaggo ta ce, "Ina yarinyar nan mai tabarau? Ita nake so ta zo min awo." Mai Kafet ma ta leƙo wata rana ta ce, "Wannan 'yar taki da za ki ba ni aronta, da na huta." Gwaggo ta yi dariya har da tafi. Da yammar nan layin jira ya kawo min labarin kaina.

"Wata 'yar boko mai tabarau, a wani shagon labule na saman bene, tana yawo gidajen mutane da tef a wuya. Matan aure, ku tambaye ta, taga take zuwa aunawa ko maigida?"

Na karanta a tsaye, bandir a kafaɗata. Na goge kwafin kamar yadda na saba, amma na can shafin Kunnen Gari ba ni da iko da shi, ya ci gaba da yawo. Matar da ta ce ni take so ta bugo waya ta ce a turo mata Tela. Wata ta bar ni a bakin ƙofa cikin rana, ta auno tagar da kanta da igiya ta miƙo min. Gwaggo kuwa har gidanmu ta zo jaje, ta rungume Ummata tana cewa, "Allah ya isa tsakaninmu da wanda ya rubuta wannan abu."

Bayan ta tafi na sami Baba a falo na gaya masa komai. Na miƙa masa wayata. Ko kallonta bai yi ba, ya ture ta da bayan hannu.

"Ƙanwata? Wadda ta ɗauke ki aiki? Karatun naki abin da ya koya miki ke nan?"

"Baba, ka duba kawai."

"Ba zan duba ba. Gobe za ta zo, za ki ba ta haƙuri a gabana."

Washegari na durƙusa a kan dardumar falonmu, daidai wurin da guga ta taɓa ƙona ta, na ce Gwaggo ta yi haƙuri. Ta dafa kaina ta ce ta yafe, yaro ai yaro ne. Ban yi kuka ba. Na ƙura wa ƙunar nan ido har na haddace siffarta. Abu ɗaya ya yi min daɗi, Baba ya ce mata na zarge ta, amma bai san yadda na gano ba, don bai duba ba. Ita kuma ta ɗauka zato kawai na yi.

Na koma shago. Na ci gaba da shara, da guga, da ɗaukar hoto. Umma ta ce in bar aikin, na ce a'a. In na fita a lokacin, da sunan da aka liƙa min zan fita, kuma Baba zai mutu yana ganin 'yarsa maƙaryaciya ce. Na san Gwaggo. Na san ba za ta iya barin shafukanta a hannun wadda ta zarge ta ba. Jira kawai nake.

Ranar ta zo da safe, Tela yana zare bakin wani labule.

"Digiri, daga yau hannunki ya fita daga shafukana. Wannan jiran da kike sa wa hotunana kamar a asibiti, cire shi. Ina sa abu ya tafi."

"Duka shafukan da kika zaɓa, Gwaggo?"

"Duka."

"Ko za ki duba su tukuna?"

"Ke za ki koya min wayata? Na ce duka!"

Na tambaya ne don Tela ya ji, ba don ta duba ba. Na cire layin jira. Ta karɓi wayar, ta juya min baya, ta canza lambar sirri, sannan ta ce in je gida in huta, in ta buƙace ni za ta aiko.

Ban huta ba. Na sami Mai Kafet na ce aron da ta nema ya samu. Washegari na sa kayana mafi kyau, na rataya tef a wuya, na hau benen nan a hankali. Na tsaya a ƙofar Gwaggo na gaishe ta da ladabi, har da tambayar ƙafarta mai ciwo, sannan na shige shagon da ke jikin nata. Na san yatsan nan ba zai iya haƙuri ba.

Kafin azahar Mai Kafet ta saki wani salati daga bayan kanta.

"Ke, zo ki gani! Wannan ba shafin Gwaggonki ba ne?"

Shi ne. Ga tambarin shago a sama, ga hoton Gwaggo tana murmushi a gaban labule, ga rubutu a ƙasa. Mai Kafet ta karanta da ƙarfi har mai gyaran waya ya bar abin da yake yi ya matso. An ce mai awon mazan mutane ta koma wurin mai wankin tsohon kafet, sun dace. An ce laifin uwa ne da ba ta iya tarbiyya ba. An taɓa Baba ma. A ƙarshe, "Ni ce taku, Kunnen Gari." Haka yake a Fesbuk, haka a Insta, haka a Tiktok.

Mai Kafet ta gyara ɗaurin ɗankwali ta fita. Ni ban bi ta ba, na tsaya ina goge tef ɗina da tsumma, ina ji ina gani ta ƙofa.

"Fito, Kunnen Gari! Fito mu ga ɗan kunnen!"

Can Gwaggo ta fito tana huci, ta riga ta goge rubutun daga ɓoyayyen shafinta. "Ina? Nuna min! Sharri za ku yi min?"

Mai Kafet ta ɗora mata waya a hanci. Rubutun yana nan daram. Manhajar tana kai rubutu ko'ina, amma ba ta bin sa ta goge. Sai an shiga kowane shafi an cire da hannu, Gwaggo kuwa ba ta taɓa shiga ko ɗaya da kanta ba. Ta juya wurin mai gyaran waya.

"Ɗan nan, taimaka min."

"Ni? Ai ni mai buɗe hotunan matan mutane ne, Hajiya. Kada in ga naki."

Da la'asar Baba ya kira ni gida. Gwaggo na zaune a falo, mayafi a karkace, ido jawur, Umma a bakin ƙofar kicin ta naɗe hannu.

"Ita ce, Yaya," in ji Gwaggo. "Ita ta haɗa wayar, ita ta rubuta don ta tozarta ni."

"Lambar sirrin a wurinta take, Baba. A gaban Tela ta canza, ta juya min baya."

Baba ya shafa fuska. "Koma dai mene ne, goge mata. Sunan gidanmu ne a titi."

"Zan goge. Amma wancan karon ka ƙi dubawa. Yau ka karanta tukuna."

Ya dube ni kamar zai yi faɗa. Ban sunkuyar da kai ba, wayar na miƙe a hannuna. Ya karɓa, ya laluba tabaransa. Ya karanta wurin da aka zage ni, leɓensa na motsi. Ya karanta na Umma. Da ya zo nasa sai muryarsa ta fito ba da saninsa ba.

"Uban kuwa bawan Allah, ko ce masa aka yi ana ruwan sama a ɗaki zai ɗauko lema. Ba a banza ake ce masa Sai-an-ce ba."

Ya tsaya. Ni ban san sunan ba, Umma ma ta dube ni da alamar tambaya.

"Rabona da jin wannan suna," in ji Baba a hankali, "tun Innarmu na da rai. Mu biyu muka rage da muka san shi."

Ya cire tabarau ya ninke. Bai ba ni haƙuri ba, Baba ba ya iya wannan. Amma ya nuna darduma da yatsa, daidai wurin ƙunar guga.

"Sauko nan," ya ce wa ƙanwarsa. "Ki ba ta haƙuri. Da sunanta."

Ƙafarta mai ciwo ta sa ta daɗe kafin ta kai ƙasa, ban kuwa taimaka mata ba. Ta faɗi sunana, karo na farko da na ji shi a bakinta, kamar tana haɗiyar magani. Ban ce na yafe ba. Ta miƙo min wayarta da hannu biyu.

"Lambar fa?" na ce.

Ta fara juya baya don ta danna.

"A'a, Gwaggo. Faɗi da baki."

Ta faɗa, kowa ya ji. Na jefa wayar a jaka na ɗauki tef ɗina.

"Ba yanzu za ki goge ba?" in ji Gwaggo. "Mutane na ta ɗaukar hotonsa."

"Ina da awo. Matar nan da ta bar ni a rana ce ta kira da kanta, ta ce in shigo har ɗaki. In na dawo zan duba."

Na dubi Baba ko zai hana ni. Ya miƙa hannu ya ɗauko min tabarauna da na ajiye a kan tebur.

"Kada ki manta wannan," ya ce.