Akwatin Wutar Auta

Jikata Auta aikinta zanen gidaje ne a kwamfuta. Injiniya zai kawo mata tsarin ginin da ko bulo ɗaya ba a aza ba, ita kuma ta mayar da shi bidiyo, ka ga kanka kana hawa bene, kana buɗe taga, har inuwar bishiya tana rawa a jikin bango. Ranar da na fara kallo sai da na ɗage ƙafa don kada in ɓata wa mutane tayil.

Duk shekarun nan a ƙarƙashin wani kamfani take aiki. Sai bana wata injiniya ta neme ta ita da kanta, ta ba ta aikin wani ɗakin karatu na yara. Ranar Litinin kwamiti zai zauna ya kalla. In sun yaba, ayyukan injiniyar na gaba duk na Auta ne. In babu bidiyo a kan tebur kuwa, akwai wani yana jira a layi.

To, ga aiki ya samu, ga kwamfuta tana jan ƙafa. Auta ta kira ni ɗakinta, ta cire murfin gefe, ta nuna mini wani faffaɗan abu mai fanka uku.

"Kaka, wannan shi ne katin hoto. Shi ke shan wahalar zana kowane haske da kowace inuwa. Shi kaɗai ba zai gama kafin Litinin ba. Ɗan'uwa zan ƙara masa."

"To ki ƙara mana, wa ya riƙe ki?"

"Ke in za ki yi baƙi, ba sai kin leƙa tukunya ba tukuna?"

Ta leƙa kuwa, ba ta bar komai ba. Ta duba babban allon da komai ke maƙale a jikinsa, madabod suke ce masa, ta ga akwai gurbi na biyu. Ta auna da rula don kada katunan su matse juna su hana fanka numfashi. Ta samo kati irin na farkon sak, domin manhajar da take aiki da ita ba ta haɗa katunan da ba 'yan gida ɗaya ba. Sannan ta zo kan akwatin wuta, wanda ke can ƙasan kwamfutar a rufe cikin wani murfin ƙarfe, shi ke raba wa kowa wutarsa. Nata mai wat dubu ne. Ta lissafa cin wutar katunan biyu da na sauran kayan, ta ce har da ragowa.

Duk wannan hankalin wurin yayanta Dogo ta koyo shi. Shi ke da shagon gyaran kwamfuta a bakin titi. Tun tana ƙarama yake zaunar da ita kan benci, ya damƙa mata sukundireba mai jan kai, wadda ta girma tana aiki da ita. Akwai magana ɗaya da ya yi ta nanata mata har ni na haddace: kowane akwatin wuta da wayoyinsa. Wayar wani akwatin za ta shiga ramin wani lafiya lau, kamar don shi aka yi ta, amma a ciki hanyoyin wutar sun saɓa. Ka kunna, ka ƙona kaya. Shi ya sa da ta sayi akwatinta ta tattara ragowar wayoyinsa cikin kwalinsu ta kawo mini, ta ce, "Kaka, ke ce ba kya ɓatar da ko allura." Na sa shi saman sif ɗina, kusa da barguna.

Ranar Alhamis ta kira Dogo a waya, ina zaune ina jin su.

"Yaya, na samu katin. Akwatina zai ɗauka ko?"

Sai ya yi dariya. "Wat dubu fa, Auta. Zai ɗauka har da ke a kai. Amma ki bari sai Lahadi in zo in sa miki da kaina."

"Lahadi ai ta yi nisa, Yaya. Kuma wa ya koya mini?"

"To... ki dai bari."

Ba ta bari ba, kuma wa zai ga laifinta? Washegari da hantsi na sauko mata da kwalin. Ta zaunar da sabon katin a gurbinsa har ya yi ƙas. Ta zaro waya daga kwalin, ta zura hannu ta bayan murfin ƙarfen nan, ta laluba rami ta cusa, ta kawo ɗaya bakin ta haɗa da katin. Ta yi bisimilla, ta danna.

Wani ɗan ƙara na ji, tas, kamar an karya tsinken ashana. Fitilun suka ƙifta suka mutu. Sai wari, irin na roba a kan murhu.

Auta ta fizge wayar bango. Ba ta yi ihu ba. Tana ta cewa, "Ba zai yiwu ba, wayarsa ce, daga kwalinsa na ɗauko." Ta cire sabon katin, ga wani baƙin tabo kusa da inda wayar ta shiga. Ta ɗauki sukundirebar ta kwance bayan kwamfutar, ta jawo akwatin wutar waje zuwa haske.

Ta daɗe tana kallonsa.

"Kaka, wannan ba nawa ba ne."

Ni duk baƙaƙe nake ganinsu. Amma ta juyo mini da shi. Sunan kamfanin daban, ƙarfinsa ɗari shida da hamsin. Ragar fankarsa kuma a lotse ta gefe ɗaya.

"Ni na lotsa ta. A shagon Yaya ya suɓuce mini ina makarantar sakandare. Tsohon akwatinsa ne."

Sai na tuna. Lokacin da Auta ta yi tafiyar wani kwas, Dogo ya zo da jaka a kafaɗa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya tsokane ni wai na ƙara ƙuruciya. Ya ce fankokin kwamfutar ƙanwarsa zai goge mata kafin ta dawo. Ni na miƙa masa mabuɗin ɗakin. Har tsumma na ba shi, har shayi na dafa masa, ina sa masa albarka. Na gaya mata haka. Ta gyaɗa kai kawai.

Da la'asar Dogo ya zo, ni na kira shi. Yana ganin akwatin a kan tebur ya tsaya a bakin ƙofa.

"Auta, aro na yi. Sabuwar na'urar shago ce ta buƙaci mai ƙarfi, ke kuma kati ɗaya gare ki, me za ki yi da wat dubu? Har wayoyin ciki na canza miki da nasa, ai kin ga tana aiki lafiya. Lahadin nan na yi niyyar mayarwa."

"Ka manta da kwalin da ke wurin Kaka."

"Ban san za ki yi gaggawa ba."

"Jiya na tambaye ka, Yaya. Da bakina. Ka ce zai ɗauka har da ni a kai."

"Na ce ki bari!"

"Ka ce in bari. Ba ka ce mini me ya sa ba."

Na ce, "Kai Dogo, da shayina a cikinka ka kwance mata kaya?" Ya sunkuyar da kai.

Ya fita da gudu ya dawo da akwatinta, har da wani katin hoto da ya ciro daga na'urar shagonsa. Ya ajiye yana haki. "Ga nawa, ki sa ki ƙarasa." Auta ta juya shi ta karanta bayansa, ta tura masa abinsa. Na wani kamfani ne, manhajarta ba za ta haɗa shi da nata ba. Shi ma ya sani. Ya bi shagunan abokansa, babu mai irin nata a hannu.

Allah ya taimaka tsohon katin bai ƙone ba. Ta mayar da akwatinta da wayoyinsa, ta kunna, kati ɗaya ya ci gaba da jan kayan da ya fi ƙarfinsa. Zuwa safiyar Litinin bidiyon ya shiga ƙofar ɗakin karatun, ya wuce kantocin littattafai, ya tsaya a gindin matakala. Saman benen, inda ta yi wa yara rufin gilashi, bai fito ba. Ta kai abin da ya samu. Injiniyar ta ce aikin ya yi kyau ƙwarai, ta yi mata addu'a, sannan ta ce kwamiti ya ɗauki na wancan mutumin da ke jira a layi, don nasa ya kai ƙarshe.

Auta ta dawo ta cire takalmi, ta zauna a bakin gadona. Na riƙe hannunta.

Dogo ya zo da yamma da leda cike da lemo. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi shago, kamar yadda ake tambayar maƙwabci. Da ya tashi tafiya ta shiga ɗaki ta fito da sukundireba mai jan kai, ta sa masa a aljihun riga.

"Taka ce. Na sayi wata."

Mabuɗin ɗakinta har yanzu a wurina yake, kwalin wayoyin ma yana saman sif. Dogo yana zuwa gaishe ni, ina amsawa, jikana ne. Amma in ya shigo da jaka a kafaɗa, sai in ce ya ajiye ta nan bakin ƙofa inda nake ganinta.