Lallen Abiba Aluwanka

Shekara ashirin da biyu Abiba tana wankan amare daga unguwar Nima har Maamobi, ba a taɓa jin sirrin amarya ko ɗaya daga bakinta ba. Aikin aluwanka ke nan: hannu ya ƙunsa lalle, ido ya gani, baki ya yi shiru.

Sai bikin Barikisu, 'yar Memunatu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a 1986. Ranar Laraba aka sa lalle. Ranar Juma'a leɓɓan amarya suka farfashe, idanu suka manne, fatar baya ta fara saluɓewa kamar ta dafaffen tumatir. Aka kwashe ta sai asibiti. Kafin la'asar unguwa ta kammala bincike: lallen Abiba ne. Ba wanda ya tambayi yaushe aka fara sa lalle a cikin baki.

Kwana uku bayan haka Abiba ta je dubiya. Ta iske Memunatu a bayan labule tana murƙushe wata farar ƙwaya da cokali, tana zubawa a kofin koko. Abiba ta san ƙwayar. A cikin trotro, motar haya, aka saye ta, mako biyu kenan ana ɗura wa yarinyar don kada zazzaɓi ya ɓata biki.

"Memuna, har yanzu?"

"Mma Abiba, shi ya koro ciwon waje. In an daina zai koma ciki. Ki rufa mini asiri, nas ɗin nan na da faɗa paa, ba kaɗan ba."

Abiba ta dubi yarinyar. Ta ɗauke kofin da sauran ƙwayoyin, ta kai wa nas. Likita ya zo ya ce ƙwayar ce, jikin wasu ba ya ɗaukarta, da an ƙara kwana biyu da sai labari. Nas kuma ta wanke Memunatu tas a gaban jama'a, da yaren Ga da Turanci, yadda kowa zai samu rabonsa.

Bayan mako shida Barikisu ta koma gida da ƙafarta. Unguwa ta yarda lallen ba shi da laifi. Amma ba wanda ya sake kiran Abiba, don ba a shigar da mai baki ɗakin amarya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, sai dai ba ta gaya wa kowa ba.

Wata safiya Barikisu ta yi sallama a gidan Abiba, fuskarta dabbare-dabbare.

"Mma, an sake sa rana. Uwata ya ce a ɗauko aluwanka daga unguwar Madina."

"To me ya kawo ki?"

Barikisu ta miƙo hannuwanta. Abiba ta juya su, ta duba.

"Ba ki da farce ko ɗaya."

"Ki sa a inda ya rage."

Abiba ta tashi neman ƙwaryar lalle. Sai da ta kaɗe mata ƙura.