Fartanyar Mama Rosine

Wajen ƙarfe goma na safe ne, hadari ya haɗu ta wajen kogin Binuwai ya tsaya cik, ba ruwa ba iska, sai gumi. A lokacin ne jikanyar Mama Rosine ta cika. Shekararta uku, zazzaɓi ne na kwana huɗu.

Mama Rosine maƙwabciyarmu ce a bakin garin Garwa. Daga duwatsun Mora ta zo, shekarar da aka ƙone ƙauyensu, da yarinyar a baya, da fartanya ɗaya a hannu. Alhaji Adoum ya ara mata 'yar gona, amma ya ce in ruwan fari ya sauka ya tarar ba a taɓa ta ba, wani zai ba.

Ba namiji a gidanta, sai innata ta ce in je in taya haƙa kabari. Aristide, malamin cocinsu, mutumin kudu, ya zo da diga. Ni ban zo da komai ba. Na ga fartanyarta jingine a ƙofar ɗaki, na ɗauka, ban tambayi kowa ba. Mu a wurinmu in an gama haƙa wankewa ake yi a mayar.

Shi yana sara, ni ina janye ƙasa. Mun kusa gamawa mata suka iso da gawar a naɗe cikin zane. Mama Rosine ba ta dubi ramin ba, hannuna ta duba.

"Ɗana, wa ya ba ka wannan?"

Na ce a ƙofa na gan ta. Wata 'yar ƙauyensu, Véronique, ta ja ni gefe ta gaya mini cewa a gidansu ƙarfen da ya shiga kabari ba ya komawa gona, in ya koma dawar ba ta yin tsaba. Aristide ya ce ai wannan zancen da ne, zai yi addu'a a kan fartanyar. Ni kuma na ce zan wanke ta ko sau nawa ake so.

"Mijina ne ya sa mata ƙota," in ji Mama Rosine. "Sa ta a ciki."

Muka kwantar da ita gefen yarinyar. Da hannu muka tura ƙasar.

Da la'asar ruwa ya kece. Washegari kowa ya yi gona, kuma ranar shuka ba mai ba da aron fartanya. Na biya ta gonarta, na same ta durƙushe tana tona rami da guntun itace, iri ƙulle a bakin zane. Ko kamu biyu ba ta yi ba.

Na gangara lambun da nake aiki a bakin kogi, na ɗauko tawa fartanyar, na ajiye kusa da ƙafarta. Ta ɗaga ta, ta jujjuya, ta ce ƙotar ta yi mata tsawo. Sannan ta sunkuya ta fara sara. Na ɗan tsaya a bakin gonar, daga baya na kama hanya.