Sunan Mai Kwamfuta

Jikata Auta ta kasa zama tun safe. An ba ta aikin haɗa sabuwar manhaja, sai safa da marwa take tsakanin taga da kwamfutar da ta ce ta ofis ce.

Ubanta, ɗana, ya tsaya a kanta yana washe baki. Ta buga umarni ɗaya a baƙin allo, abin da ke jawo mata kayan haɗin ya fara jero tambayoyi. Don sauri ta yi ta danna amincewa. Da aka zo kan sunan mai aikin, kwamfuta da kanta ta cike gurbin da sunan mai ita: mai gyaran wayar nan da ubanta ya hana tsayuwa a ƙofarmu.

Karatuna bai taka kara ya karya ba, amma wannan na gane shi.

Ɗana ya ce, "Iya, ban sa tabarau ba. Sunan wa ya fito?"

Auta ta take min ƙafa.

Na ce, "Na shugabansu ne."

Ya fita yana sa albarka. Ni kuwa bakina ƙaiƙayi yake. Bari in leƙa wajen mai kitso, ita ba ta faɗa wa kowa.