Wutar Gidan Madam Cynthia

Kwana uku na yi ina shiga ofishin Oga Dominic da tsintsiya a hannu, ina fitowa ban buɗe baki ba. Ni ce mai share shagonsa na kayan sola a kasuwar Wuse. A rana ta huɗu na tsaya, idona a kan takalminsa, na ce, "Oga, ina da wa. Ya yi digiri a fiziks. Shekara biyu ke nan yana yawo da takardu, babu aiki."

"Fiziks? To ya san wuta. Kawo shi, Hansatu. Wata ɗaya gwaji. In bai yi ba, kar ka yi fushi da ni."

Yaya Wakili ya zo ran Litinin da farar riga a goge. Ebenezer, babban mai haɗa wuta na shagon, ya miƙa masa waya da filaya ya ce ya fere bakin. Yaya ya datse wayar gida biyu. Ya sake gwadawa, ya sake datsewa.

"Kai, Farfesa!" in ji Ebenezer. "Shekara huɗu ba a nuna maka filaya ba?"

"An zana mana ita a allo," in ji Yaya. Kowa ya kwashe da dariya, har shi.

Amma in aka zo lissafi, nan kam Ebenezer yakan ja kujera ya bar wa Yaya. Shi ya sa Oga ya ba Yaya aikin wani gida a Karu, gidan Madam Cynthia. Yaya ya je ya tambaye ta duk abin da take kunnawa: fitilu, fanka uku, talabijin, ƙaramin firji. Ya shiga ɗaki-ɗaki ya gani da idonsa. Ya cika takarda uku da lissafi, aka ɗora farantan sola shida a rufi, aka haɗa batura da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida.

Ba a yi sati ba Madam ta kira. Wuta ta ɗauke da safe tana shirya yara makaranta. Aka je aka duba, komai lafiya. Bayan kwana uku ta sake kira. A kira na huɗu, muryarta har bakin ƙofa inda nake shara.

Oga ya ajiye waya ya ce, "Wakili, ran Juma'a watanka ya cika. In wutar nan bai tsaya ba, ni da kai sai gaisuwa."

Da azahar na same shi a bayan shago, ya tasa shinkafarsa a gaba bai taɓa ba, yana duba lambobin da ya kwafo daga inbatar gidan.

"Yaya, ka ci abinci mana."

"Hansatu, lissafina daidai ne. Duba nan." Ya nuna mini, ko da yake ya san a aji huɗu na tsaya. "Litinin da Alhamis, daga ƙarfe shida zuwa bakwai da rabi na safe, wani abu yana jan wat dubu biyu. Lokacin batir ya kwana yana aiki, rana kuma ba ta yi ƙarfi ba. Kuma ba ja ɗaya yake yi ba, yana kamawa yana saki, kamar abu mai zafi. Amma na duba gidan kaf, babu hita, babu butar lantarki."

Kafin in zo shagon nan, shekara huɗu na yi ina aikin gida a Garki. Na yi ta juya maganar a bakina kafin ta fito.

"Wa ke goge kayan makarantar yaran?"

"Na tambayi Madam. Ta ce ba ta da dutsen guga."

"Madam ba ta guga, Yaya. Mai wanki ke zuwa. Kuma mai wankin da ya san kansa ba ya amfani da na gida, nasa yake zuwa da shi a jaka."

Ya kalle ni, ya kalli takardar. Sai ya ja kwanon shinkafar ya fara ci da sauri.

Ran Alhamis ƙarfe shida na safe muna ƙofar gidan. Ya ce lallai sai na raka shi. Ba mu daɗe ba sai ga wani dattijo a kan keke, da jakar buhu a rataye. Sunansa Baba Zacharias. Yaya ya gaishe shi da ladabi ya roƙi ganin dutsen gugarsa. Baba ya zaro shi cikin alfahari, wani ƙato na lantarki mai nauyi kamar turmi.

"Shekara goma sha biyu muna tare," in ji shi. "Ko kwalar soja ce sai ta kwanta."

Madam Cynthia ta fito ta riƙe baki. "Ni ba ƙarya na yi ba fa! Ba nawa ba ne."

"Gaskiya kika faɗa, Madam, ni ne ban iya tambaya ba," in ji Yaya. Ta ce to sai an ƙara batir ke nan? Ya ce a'a, Baba ya riƙa guga da sha biyun rana, lokacin da farantan ke kawo wuta har ta yi yawa. Baba ya ce hakan ma ya fi masa, dama sanyin safiya yana taɓa masa gwiwa. Ya mayar da dutsen jaka ya tafi wankin wani gida, ya ce zai dawo da rana.

A ranar, wuta ba ta ɗauke ba. Ran Juma'a Oga ya ji labarin, ya yi dariya har da buga tebur. Ya ciro rigar aiki mai sunan shago ya jefa wa Yaya.

"Litinin akwai gida biyu a Gwarinpa. Ka tafi da ƙanwarka. Kai ka yi magana da madam, shi ya shiga kicin."

Na ce, "Oga, ni ban iya magana da mutane ba."

"Wa ya ce ka yi magana? Ka duba kawai."

Rigar ta yi wa Yaya yawa a kafaɗa. Na karɓa na ce zan rage masa kafin Litinin.