Katin da Ba a Taɓawa

"Madam, ɗaga yatsanki daga kan gilashin nan, don Allah."

Marlene ta ɗaga yatsan, ta duba shi ko akwai kashin kaji a jiki, ba ta ga komai ba. Mai teburin, wani ƙato mai tumbi, ya zaro ƙyalle ya goge wurin da ta taɓa.

"Emil Bartos nake nema," ta sake faɗa. "Mai jifan ƙwallo ne a wasan besbol, bahago. Ya yi wasa a shekarun hamsin."

"Bartos, Bartos." Ya ɗaga kai yana kallon rufin zauren kamar a can aka rubuta sunan. "Ban taɓa jin sa ba. Wane ne shi?"

"Ubana ne."

"Ayya. To duba kwalin tarkace, ga shi nan ƙarƙashin tebur."

Tun safe take zagaye wannan zaure na baje kolin katunan besbol a bayan garin Toledo, kuma duk teburin da ta je amsar ke nan. Maza ne manya da furfurarsu, wasu har da jikoki, sun duƙufa da gilashin ƙara girma suna leƙen kusurwar kwalin da a da ake saka wa yara kyauta a ƙunshin cingam. Ka ji suna raɗa kamar a ɗakin mara lafiya: wannan hotonsa ya ɗan karkata, wancan gefensa ya ci. Marlene ta durƙusa gaban kwalin, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta fara tona.

Mahaifinta yana kwance a gidan kula da tsofaffi, ya haura casa'in, idanunsa sun tafi. Shekaranjiya likita ya ce a fara kiran 'yan uwa na nesa. Jiya tana ba shi miya a baki sai ya ture cokalin ya ce, "Marlene, ai an taɓa yi mini kati, ko? Ina so in riƙe shi." A tsawon rayuwarsa bai taɓa roƙonta komai ba. Kakar wasa uku ya yi a babbar gasa, kafaɗa ta lalace, ya dawo ya shiga masana'antar gilashi har ya yi ritaya. Sau ɗaya tak aka buga katinsa, nasa kwafin kuwa mahaifiyarsa ta share shi da shara tun kafin a haifi Marlene.

Abin da ke cin ranta shi ne katin yana nan cikin zauren, a aljihun rigar mijinta.

Wendell ya yi shekara da shekaru yana farautarsa kafin ya samu. Da ya samu sai ya aika wa masu tantancewa, suka ba shi maki takwas cikin goma, suka liƙe shi ruf cikin wata roba mai tauri wadda ba ta da marfi ba ta da ƙofa. A wurin mutanen nan, ranar da aka fasa robar makin ya mutu, kati ya koma kwali. Shi ya sa Wendell ya kawo shawarar a zo nan a sayi wani tsoho wanda ya riga ya sha hannu, Baba ya riƙe abinsa, kowa ya huta.

Sai ga Wendell ya dawo, biredi da tsiran nama a hannu ɗaya, ƙaramar leda a ɗayan.

"Ka samu?"

"A'a, amma kin san me na gani? Wani mai tare ƙwallo na shekarar hamsin da shida, wallahi gefensa kamar yau aka yanka."

"Wendell. Ubana yana can yana mutuwa, kai kana nan kana cefane?"

"Ai ina tambaya ne, sai idona ya faɗa a kai."

"Idonka ya faɗa, hannunka ma ya faɗa aljihu." Ta miƙe da kyar tana dafa teburin, mai tumbi ya sake zaro ƙyallensa. "Babu shi a nan. Ba wanda ya san shi. A wurinsu tarkace ne, a wurinka kuma ya fi ƙarfin a taɓa. Ni dai ku haɗu ku gaya mini wanne ne."

"Marlene, uku ne kacal a duniya masu wannan makin."

"Shi kuma mai hoton ɗaya ne."

Wayarta ta yi ƙara. Nas ce daga gidan tsofaffin. Ta ce Baba ya farka, hankalinsa garau, har ya nemi shayi, amma in za su zo su zo yanzu, don irin wannan farkawar ba ta daɗewa.

Suka shiga mota, suka haye gada. Wendell tuƙi yake kamar yadda ya raba wasiƙu shekara talatin, a hankali, yana tsayawa kowace fitila tun tana ruwan ɗorawa. Hannunsa na hagu kuwa bini-bini sai ya kai ƙirji ya shafa aljihu. Ba mugu ba ne, wannan ne ma abin haushin. Shi ke yi wa Baba aski, shi ke zama ya karanta masa sakamakon wasanni, ya haddace duk wasan da tsohon ya taɓa yi fiye da shi kansa tsohon. Da mugu ne da ta san yadda za ta yi da shi.

"Ba don kaina na adana shi ba," ya ce a ƙarshe, idonsa a kan titi. "Ke ma kin gani yau, an manta da shi. Amma muddin katin nan yana cikin robarsa, bayan shekara ɗari wani zai ɗauka ya ga Emil Bartos yana ɗan ashirin da uku, ko ƙwarzane babu. In an fasa, shi ke nan."

"Bayan shekara ɗari wa zai ji daɗin? Kai ko shi?"

"Zai iya riƙe shi a haka. Ai riƙewa ya ce."

"Taka motar nan, Wendell, ko in sauka in tura ta."

Sun sami Baba Emil an jingina shi da filo, ƙato ne har yanzu ko da ya zama ƙashi, manyan hannayensa a kan bargo. Marlene ta sumbaci goshinsa. Wendell ya zaro robar daga aljihu da hannu biyu, ya ɗora masa a tafi.

Tsohon ya juya ta, ya shafa gaba, ya shafa baya, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Mene ne wannan? Rimot ɗin talabijin?"

"Katinka ne, Baba," in ji Wendell. "Yana ciki."

"Ciki?" Ya bi gefen da yatsa yana neman inda ake buɗewa, ya zagaya ya dawo bai samu ba. "Wa ya kulle ni?"

Marlene ta buɗe baki, sai ta ga faɗan ma ya ƙare mata, gajiya kawai ta rage. Tsohon ya ɗan ƙara shafa robar, sannan ya miƙa ta cikin iska, wajen da ya ji muryar surukinsa.

"Ba komai. Na gode, Wendell. Ka adana ni da kyau."

Ya juya fuskarsa wajen taga.

Wendell ya tsaya da abin a hannu kamar wanda aka mara. Sai ya fita. Marlene ta zauna bakin gado tana gyara bargon da ba ya buƙatar gyara, a ranta tana cewa wallahi in mota ya kai shi ya ɓoye, yau sai dai ya kwana da katunansa. Can ta ji ƙyauren baranda ya yi ƙara, ƙas, aka sake turawa, ƙas, sai muryar nas tana cewa, "Yallaɓai, me kake yi wa ƙofar nan?"

Ya shigo da babban yatsansa naɗe da tishu, jini ya ɗan ɓullo. A ɗaya tafin, kan farin hankici, ga katin tsirara. Fuskar Wendell ta yi fari kamar hankicin.

"Ga shi, Baba. Ta gefe ake riƙewa, ta gefe kawai, kada ka..."

Ina! Tsohon ya riga ya lashi yatsa ya damƙe shi a tsakiya. Wendell ya runtse ido. Baba Emil ya murza katin, ya lanƙwasa shi kaɗan ya ji taurinsa, ya kai hanci ya shaƙa.

"Ƙanshin cingam ɗin ya gudu," ya ce. "Marlene, ya nake a ciki? Na yi kyau?"

"Kunnuwanka kamar hannun tukunya, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya gyara zama, ya saka katin tsakanin yatsu biyu na hannun hagu.

"A layinmu da muna yara, bango muke jefa wa irin waɗannan. Wanda nasa ya fi kusa da bango ya kwashe na kowa. Ba yaron da ya taɓa cin nawa." Ya ɗaga haɓa. "Ina bangon yake?"

"Baba," in ji Marlene, don a wannan karon har ita ta ji tausayin mijinta.

"Gabanka, Baba," in ji Wendell. "Bayan ƙafar gado."

Wuyan hannun ya karkaɗa sau ɗaya. Katin ya tashi yana juyawa, ya wuce ƙafar gado, ya daki ƙarfen hitar ɗumama ɗaki da kusurwa, ya faɗi a kan tayil.

"Ya kai?"

Wendell ya je ya durƙusa ya ɗauka. Kusurwar ta lotse, ga sawun yatsa mai danshi a kan ƙirjin saurayin da ke hoton. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya taso, ya kama hannun tsohon, ya mayar masa da katin tsakanin yatsun nan biyu.

"Saura kaɗan, Baba. Sake jefawa."