Kwalbar da Devin Ya Binne

A garinsu Hollis Mattingly, can cikin jihar Kentucky, ba a ɗaura aure a fili sai an binne kwalbar burbon, wiskin yankin. Wata guda kafin biki, ango zai haƙa rami a inda za a yi taron, ya sa kwalba cikakkiya kanta a ƙasa, wai don kada ruwan sama ya ɓata sha'ani. Ranar aure a tono ta. A dangin Mattingly kuwa, uban amarya ne ke fara kurɓa a gaban jama'a. Kowa ya san camfi ne, amma ba wanda ya isa ya tsallake.

Hollis ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin ɗanɗana wiski a masana'antar bayan gari, kuma baki gare shi kamar reza. A wurinsa burbon masara ce da ruwa da gangar itace mai ƙonannen ciki, sai haƙuri. Duk wadda aka zuba wa zuma ko kirfa, ruwan alewa yake ce mata. Matarsa Verna kuwa mai zumar take so, kuma a gabansa take sha.

"Ke dai kin ji kunya," in ji shi kullum. "Matar Hollis guda, da abin shan yara."

"Kowa da kiwon da ya karɓe shi, tsoho. Sha naka, in sha nawa."

Sai bara ciwon daji ya kama shi a maƙogwaro. Aka yi ta gasa ciwon da na'ura a asibiti har Allah ya sa ya tashi, amma harshen bai tashi tare da shi ba. Nama da burodi duk ɗaya suke a bakinsa, kamar jiƙaƙƙen kwali. Burbon kuwa ta zama garwashi, ko ɗigo ba ya wucewa. Bai gaya wa kowa ba. Da yamma yakan zuba a kofi kamar yadda ya saba, ya zauna a baranda, in Verna ta shiga kicin ya juye a tukunyar furenta.

Da auren 'yarsa Kendra ya matso, girman kai ya sa ya ɗauko kwalbar da ta fi kowace ƙarfi a gidan, ya miƙa wa angon ya binne. Devin sunansa, malamin makaranta ne daga Ohio, kuma Hollis bai taɓa kiransa da komai ba sai "ɗan Ohio".

"Ka san kai daga gindi dai ko? Kan ne ƙasa," in ji Hollis.

"Na sani, Baba."

Tun daga ranar Hollis bai ƙara samun sukuni ba. Ya shiga rumbun ciyawa ya gwada kurɓar irinta shi kaɗai, ya yi tari har ya durƙusa. To ina ga gaban tsofaffin abokan aikinsa? Ko dai ya shaƙe a idon duniya, ko ya ƙi karɓar kofin auren 'yarsa tilo. Duka biyun ba ya iya ɗauka.

Ranar biki gari ya waye da hadari a yamma. Aka ɗaura aure a gindin babbar bishiyar gona, Devin ya naɗe hannun riga ya kama shebur. Hollis na tsaye yana kallo. Kwalba ta fito, Devin ya share ƙasar da ke jikinta, sai ga hoton ƙudan zuma ɓaro-ɓaro: burbon mai zuma ce.

Dariya ta ɓarke. Delbert, wanda suka yi aiki tare da Hollis tun suna samari, har da riƙe ciki.

"Hollis! Ruwan alewa surukinka ya binne maka a gona! Wannan ai ko yayyafi ba za ta tare ba!"

Devin ya sosa ƙeya. "Laifina ne, Baba. Na ga taka ta fi ƙarfin rami, sai na adana ta na sayo wannan. Na ɗauka duk ɗaya ne."

"Duk ɗaya!" Delbert ya buga cinya. "Ku ji mini ɗan Ohio!"

Hollis ya karɓi kofin yana ɓata rai, don a ga dole aka yi masa. Ya kurɓa kaɗan, ya runtse ido yana jiran wutar. Ba ta zo ba. Abin ya gangara a hankali, da ɗumi, sannan can gefen harshensa wani abu ya motsa. Zuma ce. Ɗan zaƙi ne ƙanƙani, amma shi ne abu na farko da ya ɗanɗana tun da ya baro asibiti. Idonsa ya cika. Jama'a suka ɗauka kukan rabuwa da 'ya ne, suka yi ta tafi.

Verna ta matso tana gyara masa kwalar riga.

"Furena ya mutu tun farkon bazara, tsoho," ta ce ƙasa-ƙasa. "Fure ba mashayi ba ne."

"Ke kika sa shi?"

"Ni dai na gaya masa halin da kake ciki. Na ce zan ɗauki laifin, ya ce a'a, in ni ce za a gane. Shi kuwa baƙo ne, kowa zai yarda bai san komai ba."

Hollis ya dubi yaron. Dattawa sun kewaye shi suna yi masa tsiya, yana ta murmushi. A garin nan ba a manta irin wannan. Har ya tsufa za a riƙa nuna shi ana cewa ga wanda ya binne ruwan alewa, kuma ya san haka sarai kafin ya haƙa ramin.

Sai ga ɗigon ruwa a kan teburori. Mata suka kwashi faranti suna ihu.

"Ba na faɗa ba!" in ji Delbert. "Sama ma ta san ba burbon ba ce!"

Hollis bai gudu ba. Ya ratsa cikin ruwan har inda Devin yake tsaye rungume da kwalbar, ya miƙa kofinsa a gaban Delbert da kowa.

"Ƙara mini, ɗana," ya ce. "Cika shi."